Ƙaramin Gidan Silimar da ke Saman Shagunan Unguwarmu

Kwana uku bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, da la'asar sakaliya, na riƙe hannun mahaifina muka hau matakalar wani tsohon bene da ke bakin hanya tsakanin Nima da Mamobi, 'yata tana gabanmu tana tsallake matakala bibbiyu, domin mu kalli fim a ƙaramin gidan silimar da ke saman ginin. Rabon Baba da shiga silima tun kafin in yi aure, ita kuwa yarinyar sau ɗaya tak ta taɓa zama gaban babban allo, ranar da makarantarsu ta kai su Accra Mall. Ni ne na tsakiyarsu, wanda ya san wannan wuri tun yana ɗakin bidiyo mai benci huɗu da talabijin guda, kuma na daɗe ina son in rubuta abin da na sani a kansa tun ana iya hawa a same shi a buɗe. Ba zan kama sunan gidan ba, saboda cikin abin da zan faɗa akwai gyara mai nauyi, masu riƙe da shi kuwa maƙwabta ne da muke haɗuwa a sahu ɗaya. Duk ɗan unguwa ya san inda nake nufi.

Ginin kansa ba abin kallo ba ne. Rukunin shaguna ne irin waɗanda 'yan kasuwar zango suka riƙa ginawa a bakin titi idan Allah ya buɗa musu. A ƙasa akwai kemis, da tela mai ɗinkin jallabiya da kaftani, da mai aski, da yaron da ke gyaran waya, da wata Hajiya mai atamfa da turaren wuta, sai rumfar momo, wato tura kuɗi ta waya, a bakin ƙofa. Da safe mai waakye, wato shinkafa da wake, ita ce ke cin kasuwa a gaban ginin, da yamma kuma mai cicinga, wato tsire, ya hura gawayinsa a daidai inda ta tashi, don haka duk mai hawa silimar sai ya ratsa hayaƙin nama da yaji. Abin da ke shaida wa baƙo cewa akwai silima a sama shi ne wani baƙin allo irin na makaranta da aka jingina a gindin matakala, an rubuta finafinan mako da alli, da hotuna biyu ko uku da aka manna a bango. Matakalar tana da ƙunci da tsayi, guda 24 Baba ya ƙirga da sandarsa, kuma ƙarfen dafawa a gefe ɗaya kawai yake. Wannan shi ne aibin farko da mai zuwa zai tarar, domin tsoho mai ciwon gwiwa ko mace mai goyo sai sun yi da gaske, mai keken guragu kuwa ba shi da hanyar hawa ko kaɗan.

A tsakiyar matakalar Baba ya tsaya ya mayar da numfashi, a nan kuma ya fara ba jikarsa labarin Dunia. Duk wanda ya tashi a Nima a shekarun 1960 da 1970 ya san silimar Dunia, har yau ma tsofaffi da sunanta suke yi wa mutum kwatancen hanya. A wancan zamani birnin Accra, wanda mu mutanen zango muke kira Ankara, cike yake da gidajen silima, kuma harafin farko na sunan gida yakan gaya maka na wane ne. Rex da Roxy da Regal da Royal na kamfanin West African Pictures ne, wanda daga baya ya koma hannun gwamnati, gidajensa suka shiga ƙarƙashin hukumar finafinai ta ƙasa da aka kafa a zamanin Kwame Nkrumah. Opera da Orion da Oxford kuwa na iyalan Captan ne, 'yan asalin Labanan. Orion yana Circle, Roxy yana Adabraka, Regal yana Osu, Oxford kuma yana New Town, nan kusa da mu, tafiyar ƙafa. Da yawa daga cikinsu ba su da rufi a kan galibin 'yan kallo, katanga ce mai tsayi da farin allo a gaba, shi ya sa ba a fara fim sai duhu ya shiga, kuma idan hadari ya haɗo a watan Yuni sai mutum ya zaɓa tsakanin jiƙewa da rasa ƙarshen labari. Baba ya dubi yarinyar ya ce, "Amarya, mu a lokacinmu fim yana gabanmu, taurari suna kanmu."

Finafinai iri uku ne suka riƙe zango a wancan lokaci: na kaboyi daga Amurka, da na faɗan Canis da suka kwararo daga Hong Kong a shekarun 1970, sai na Indiya, waɗanda suka fi kowanne shiga zuciyar mutanenmu. Babu mai jin Indiyanci, amma babu wanda labarin ke ɓace wa, domin abin da ke ciki abin gida ne, wato auren dole, da maraya a hannun kishiyar uwa, da ɗan talaka mai son 'yar attajiri, da kunyar surukai, da mata masu lulluɓi. Baba ya ce akwai fim ɗin da ya kalla sau tara, har ya kai yana riga jarumin faɗin maganarsa. A bakin yaran Ankara jarumin fim shi ne buloman, mugun kuma kila, kuma da zarar buloman ya ɓullo a kan doki sai gida ya kaure da tafi da fito kamar yana jin su. Malaman makarantar allo ba su ɗauki lamarin da wasa ba, almajirin da aka hango a layin tikiti ya san dorina tana jiransa da asuba, kuma Baba bai ɓoye wa jikarsa cewa ya sha ta fiye da sau ɗaya ba.

Ba rana ɗaya waɗannan gidaje suka mutu ba. Tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, kuɗin waje da ake sayo finafinai da kayan gyaran majigi da su suka yi wuya, sai aka koma maimaita tsofaffin finafinan da suka koɗe suka cika da zane. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984, sana'ar da ba ta rayuwa sai da dare kuwa ba ta jure irin wannan, ga kuma fari da yunwar 1983 a tsakiya, lokacin da mai iyali ba ta tikiti yake ba. Kafin a farfaɗo bidiyo ya iso. A 1987 William Akuffo ya fito da Zinabu, wanda aka ɗauka da kyamarar bidiyo, ya nuna wa kowa cewa ana iya yin fim a Ghana ba tare da tsadar fim ɗin majigi ba. A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin 100 na hukumar finafinai ga wani kamfanin Malesiya, daga nan tashar TV3 ta fito a shekarar da ta biyo, hankali ya koma kan talabijin. Tsofaffin gidajen kuwa, wasu sun zama coci, wasu sito, wasu an rushe su.

A cikin wannan giɓi silimar da nake magana a kanta ta tsiro. Marigayi Alhajin da ya gina shagunan yana da wani shago can ƙurya da ya rasa ɗan haya saboda ba ya kallon titi, sai ƙanensa ya sa talabijin da dek a ciki, ya jera benci, ya rataya baƙin labule a ƙofa. Irin waɗannan ɗakunan bidiyo sun cika Nima da Mamobi da New Town a lokacin, amma wannan ne namu, kuma ina ajin ƙarshe na firamare na fara shigarsa da kuɗin da nake ragewa daga na koko da ƙosan safe. Ɗakin zafi gare shi kamar tanda, fanka ɗaya ce ke juya gumin mutum hamsin, kuma idan kaset ya cije sai mai gida ya zaro shi ya naɗe zaren da yatsa, ya hure cikin dek ɗin, mu kuwa muna zaune muna gardamar abin da zai biyo baya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hotunan talla. Ba bugawa ake yi ba, masu zane ne ke ɗinke buhunan fulawa su shafe su da fenti, su zana jarumi da damatsa kamar turmi, su ƙara maciji mai kai uku ko da babu maciji a fim ɗin, domin aikin hoton shi ne ya tsayar da mai wucewa. Yau irin waɗannan zane-zane ana rataye su a gidajen baje kolin Turai da Amurka ana saye da tsada, mu kuwa a kan idonmu ruwa ya riƙa dukansu har suka ruɓe, kuma ina jin takaicin cewa ko ɗaya gidan bai adana ba.

Bayan rasuwar Alhaji 'ya'yansa suka ɗora bene, kuma wajajen lokacin da aka sauya kuɗi a 2007, sidi 10,000 ya koma sidi 1, suka hau da silimar sama, suka sayo majigin zamani da allon yadi. A 2008 aka buɗe Accra Mall a Tetteh Quarshie, silimar Silverbird ta zo a cikinsa da kujeru masu laushi da sanyi da sababbin finafinan Amurka, mutane da yawa suka ce ta unguwa ba za ta kai baɗi ba. Sau biyu ni ma na ɗauka ta mutu. Na farko a tsananin dumso na 2015, lokacin da wuta ke ɗaukewa yini da kwana, kuɗin man janareta ya fi abin da ake samu a ƙofa. Na biyu a watan Maris na 2020, da aka hana taruwar jama'a saboda korona, aka garƙame ƙofar har gizo-gizo ya yi saƙa a kan kwaɗon. Duka biyun ta tashi, kuma duka biyun ƙwallo ce ta tashe ta, domin kuɗin samarin da ke cika ɗakin a ranakun gasar Ingila da daren gasar zakarun Turai su ne ke biyan wuta da albashi, fim kuwa a inuwarsu yake fakewa.

A saman matakala akwai ɗan tebur, wata baiwar Allah mai matsakaicin shekaru ce ke zaune da littafin tikiti. Tana ganin Baba ta miƙe tsaye ta ce, "Sannu da hawa, Baba, a zauna a huta tukuna," ta ba shi kujerarta, ta aiki yaro ya kawo masa ruwan leda mai sanyi kafin a yi maganar kuɗi. Tikitin babba bai wuce kuɗin waakye mai ƙwai da kifi ba, na yaro rabin haka, ana karɓar tsaba ana karɓar momo. Mu uku, har da gugguru da sobolo, wato zoɓo, abin da na kashe bai kai abin da tikiti biyu kaɗai za su ci a silimun manyan kantuna ba, ban da kuɗin mota da zaman cunkoson hanya. Guggurun a gabanka ake fasa shi, ana haɗa maka da soyayyar gyaɗa idan kana so, sobolon kuma na gida ne mai citta da kanumfari, ba ruwan kala ba. Ba sa hana shiga da cicinga daga ƙasa, abin da samari ke so, sai dai ɗakin da ba shi da isasshiyar iska yakan riƙe ƙamshin albasa har washegari, kuma da sun ware shi ga ranakun ƙwallo da ya fi.

Kujerun ɗakin ba su kai 80 ba. Layi uku na baya masu katifa ne da ke naɗewa, an ɗora su a kan dandamalin katako, kuma an gaya mini daga wani tsohon gidan silima da aka rufe aka sayo su. Sauran na roba ne irin na gidan biki. Da yake daɓen gaba shimfiɗe yake babu gangare, idan dogon mutum mai hula ya zauna gabanka to rabin fim ɗin nasa ne, saboda haka mai zuwa da yara ya yi sammako ya kama layin farko na dandamali, ta tsakiya. Hoton yana fita tar idan duhu ya yi, amma a nunin la'asar hasken rana yana kutsowa ta gefen labulen tagar yamma ya wanke kusurwar allon, gyaran da bai wuce yadi biyu na baƙin kyalle ba. Sautin ne ya fi damuna. Sifikar hagu tana zuza duk lokacin da waƙa ta tashi, kuma maimakon a gyara ta sai a ƙure murya, har na ga Baba yana toshe kunne ɗaya da yatsa. Na'urar sanyaya ɗaki biyu ce a bango, ɗaya ke aiki, fankoki huɗu ne ke taimaka mata, kuma idan ɗakin bai cika maƙil ba ana iya zama lafiya.

A allon ƙasa an rubuta ƙarfe 4:30, amma ba a kashe fitila ba sai biyar da minti goma, wai ana jiran mutane su ƙaru. Wannan ɗabi'a tana cutar da wanda ya mutunta lokaci, tana kuma koya wa kowa ya makara, tun da an san ba za a fara ba. Amma a nan ne kuma na ga abin da ya fi burge ni a gidan. Da aka kira Magariba daga masallacin bayan layi, sai aka tsayar da fim, aka kunna fitila, aka fita baranda inda tabarmi da butoci ke ajiye, mata a ɓangare guda maza a ɓangare guda, wanda ba Musulmi ba kuma ya sauka ya sha iska, bayan kamar minti goma sha biyar aka dawo aka ɗora daga inda aka tsaya. Baba ne suka tura gaba ya ja sallar. Tsohon da aka yi wa dorina saboda silima yau ga shi yana limanci a barandar silima, kuma na ga yadda abin ya taɓa shi, ko da yake bai ce komai ba. Wannan tsari shi ne ya sa magidanta da yawa a unguwar suke yarda iyalinsu su hau.

Fim ɗin ranar na Indiya ne da aka fassara da Hausa a Kano. Ba a samun sababbin finafinan Amurka a nan, dalili kuwa shi ne manyan kamfanoni ba sa ba da su sai ga gidan da ke da majigi na musamman mai tsada, wanda ke buɗe fim da mabuɗin sirri na kwamfuta na 'yan kwanakin da aka biya, abin da ɗaki mai kujera 80 ba zai iya ɗauka ba. Don haka abin da ake nunawa shi ne finafinan Hausa na Kano, da na harshen Tiwi daga Kumasi, da na Indiya, wani lokaci kuma wani matashin ɗan zango ya kawo nasa fim ɗin a raba kuɗin ƙofa da shi, kuma wannan na ƙarshe ya cancanci yabo, domin yaran ba su da wani allon da zai karɓe su. Da farko Baba ya ɓata rai da ya ji Ba'indiye yana zuba Hausar Kano, ya raɗa mini cewa an ɓata abu, amma ba a yi rabin awa ba na ji yana dariya har da tari. 'Yata kuwa ta yi ta taɓa shi tana tambayar ma'anar kalmomi. Hausar yaranmu ta zango ta cakuɗe da Turanci da harsunan Tiwi da Ga, akwai kalmomin da ba za su taɓa ji a titin Nima ba, ga shi a cikin duhu kaka yana fassara wa jika Hausa da Hausa.

Mutanen nan ba sa kallo da baki a rufe, kuma wanda yake son shiru irin na manyan silimu ba nan zai zo ba. Ana yi wa jarumi kashedi cewa ga mugu nan a bayansa, ana tsine wa azzalumar uwar miji, wata dattijuwa a bayanmu ta yi ta salati lokacin da aka raba yarinya da ɗanta, kuma da gaskiya ta fito ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki kabbara da tafi. Kowane ɗayan mutanen nan yana da waya a aljihu da zai iya kallon wannan fim a kanta, wasu ma sun riga sun kalla. Abin da suka biya kuɗi suka hau matakala 24 dominsa shi ne su ji tsoro tare, su yi dariya tare, su sauko suna gardama, kuma a iya tafiyar ƙafa daga gidajenmu wannan ɗaki ne kaɗai ya rage da ke sayar da hakan.

Ana saura kamar minti ashirin a tashi wuta ta ɗauke. Ɗakin ya yi baƙi ƙirin, fitilun waya suka tashi ɗaya bayan ɗaya, samari suka fara buga kujeru, sai kawai na ji Baba ya ɗaga murya ya ce, "Ofareta!" Daga ɗan akurkin majigi da ke baya wata tsohuwar murya ta amsa da dariya, "Alhaji, a yi haƙuri, ba fim ne ya tsinke ba!" Haka ake kiran mai majigi a Dunia idan fim ya tsinke, kuma su biyu kaɗai a ɗakin suka san wannan kira. Janareta ya ɗauki kusan minti biyar kafin ya tashi, majigin ya ɗauki wasu biyu kafin ya yi haske, kuma a duk tsawon lokacin babu fitilar gaggawa ko ɗaya da ta kama.

Bayan an tashi muka shiga akurkin muka gaisa da shi. Dattijo ne da ya haura saba'in, siririn mutum mai farin gemu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗora fim a majigin tsofaffin gidaje, yau kuma aikinsa danna maɓalli ɗaya ne a ƙaramar kwamfuta. Ya jawo wani gwangwanin ƙarfe mai faɗi da ya yi tsatsa daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe, warin tsami ya bugo mu, ya zaro guntun fim mai faɗin milimita 35, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, ya miƙa wa yarinyar ya ce, "Jikata, ɗaga shi sama ki duba." Ta ɗaga shi saitin ƙwan fitila, ta ga wata mace da tulu a ka a cikin ƙananan hotuna jere, kowanne kusan ɗaya da na kusa da shi, hannunta ne kawai ke ɗan matsawa. Ya bayyana mata cewa hoto 24 ne ke wucewa gaban haske a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido ke ganin motsi. Ya ce kowane naɗi minti ashirin yake yi, don haka majigi biyu ake ajiyewa gefe da gefe, mai aiki ya zuba ido a kusurwar dama ta sama, da zarar wani ɗan ɗigo ya ƙyafta sai ya tayar da na biyu, da ya sake ƙyaftawa ya juya haske kansa, kuma gwani shi ne wanda 'yan kallo ba su san an sauya ba. Hasken kansa daga sandunan gawayi biyu yake fitowa, wuta na tsalle tsakaninsu suna cinyewa, sai ana matso da su, akurkin kuwa zafi kamar maƙera. Ya ce wani dare fim ɗaya gida biyu ke nuna shi, yaro ne ke gudu da naɗin a kan keke daga wannan gida zuwa wancan, idan ya makara sai ihun "Ofareta" ya tashi alhali ba laifinsa ba ne. Baba ya zauna a kan wani akwati suka yi ta lissafa gidaje da unguwanni, har mai tikiti ta leƙo ta ce za a fara nunin dare.

Saura gyare-gyaren da na ce suna da nauyi. Bayan gida ɗaya ne na maza da mata, ƙofarsa ba ta da sakata mai kyau, kuma ranar ruwan durom ya ƙare tun kafin Magariba ta wuce. Gidan da ke neman iyali ba zai zauna da haka ba. Na biyu, babu inda aka rubuta shekarun da suka dace da kowane fim. Ghana tana da dokar bunƙasa finafinai da rarraba su ta 2016, wadda ta kafa hukumar finafinai ta ƙasa ta yanzu, kuma manufarta ita ce mai kallo ya san abin da zai tarar kafin ya shiga. Fim ɗin da muka kalla akwai wurin kisa a cikinsa da ya sa na rufe wa 'yata ido, alhali a layin gaba akwai yara 'yan shekara biyar da shida da aka aiko ba babba tare da su. Alli ɗaya ya isa a rubuta wannan a allon ƙasa, mai tikiti kuma ta mayar da yaron da bai kai ba.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci a daren. Lokacin da wuta ta ɗauke na haska wayata ina neman ƙofa ta biyu, na same ta a bayan ɗakin ta dama, da kwaɗo a jikinta, an kuma jibge akwatunan kwalabe da karyayyun kujeru a gabanta. Ke nan mutum saba'in da wani abu, da tsofaffi da yara, a saman bene, janareta da jarkokin mai suna ƙarƙashin matakala, ba su da mafita sai wannan matakala guda mai ƙunci. Ɗan Nima ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan rufaffiyar ƙofa. Ranar 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Accra, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, sama da mutum 120 suka rasu a turmutsitsi a kan matakala da ƙofofin da ba su buɗe ba, kuma da yawa daga cikinsu 'ya'yan unguwar nan ne. Ni da kaina na bi gawar abokin karatuna zuwa maƙabarta a wancan mako. Washegarin kallonmu na sami babban ɗan marigayi Alhaji bayan sallar Azahar na faɗa masa, ban ɓoye komai ba. Ya saurare ni da mutunci, ya ce, "Yaya, gaskiyarka ce, yara ne ke satar shiga ta nan shi ya sa muka rufe, amma za a duba." Na ce masa sakatar da ake buɗewa daga ciki kaɗai ta isa ta hana satar shiga, kuma fitilar gaggawa mai caji guda biyu ba ta kai kuɗin tikitin dare ɗaya na ƙwallo ba.

Bayan mako biyu na koma ni kaɗai don in gani da idona. An cire kwaɗon an sa sakata ta ciki, an kuma rataya fitila mai caji guda ɗaya a saman ƙofar, amma akwatunan kwalabe suna nan inda suke, jarkokin mai ma ba su gusa daga ƙarƙashin matakala ba, sifikar hagu kuma tana ci gaba da zuzarta. Saboda haka zan ci gaba da kai iyalina nunin la'asar na ranakun da ba a cika ba, mu zauna kusa da wannan ƙofa, amma ba zan bar ɗana ya je daren ƙwallo ba sai an kwashe kayan nan an fitar da man daga cikin ginin. Kafin in sauko na leƙa akurkin dattijon domin in isar da saƙon Baba, wanda ya ce a tambaya ko za a samu ranar da za a sa tsohon fim ɗin Indiya da harshensa na asali, ba fassara. Dattijon ya ce yana da guda uku a ajiye, zai nemi izinin masu gida a ba shi wata Laraba bayan an tashi daga kasuwar Nima, sannan ya ciro fensir daga bayan kunnensa ya rubuta lambata a bayan kalandar da ke rataye kusa da majigi.